Yadda ake gyara famfon wanka mai ɗiga ba tare da an fasa bango ba

Kafin ka ɗauki sifana, tsaya ka duba ta ina ruwan yake fitowa. Famfon da ke kan bahon wanka ko a jikin bangon banɗaki ta wurare huɗu yake yoyo, kuma kowanne da abin da ya lalace. Idan ta baki yake ɗiga bayan an rufe, to abin da ke tare ruwa a ciki ne ya gaji, ko washa (ɗan faifan roba), ko katirij (dunƙulen da ke buɗe ruwa da rufe shi a famfon zamani), ko mazaunin da washar ke sauka a kai. Idan ta ƙarƙashin hannun murɗawa yake tsiyaya, musamman lokacin da famfon ke buɗe, zoben robar da ke jikin sandar ciki ne. Idan ta baya ne, inda famfo ya haɗu da bango, laifin haɗi ne, babu ruwan kayan ciki. Idan kuwa an juya ruwa zuwa shawa amma rabinsa yana zuba ta ƙasa, maɓallin shawa za a nema. Goge famfon tas da busasshen tsumma, ka naɗa tishu a kowane haɗi, ka ba shi minti biyar. Wanda ya fara jiƙewa, nan aikin yake.

Ɗigon ba ƙaramar asara ba ce. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da sama da galan 3,000 a shekara, wato fiye da lita 11,000. A rana kimanin lita 30 ke nan, ya ɗara jarka mai lita 25. Gidan da ke sayen ruwa wurin 'yan garuwa, ko yake ƙona fetur don cika tanki, ya san abin da wannan ke nufi. Akwai kuma asarar da ba a gani: siririn ruwan da ke kurɗawa ta ƙarƙashin washa yana cin tagullar mazaunin a hankali har ya yi mata tsagi. Gyaran da yau washa ɗaya za ta gama shi, in an bar shi watanni sai ya koma sayen sabon famfo.

Wane irin famfo ne, kuma wane ɓangare

Murɗa hannun ka ƙirga. In sai ya yi juyi biyu ko uku kafin ya buɗe sosai, kuma yana ƙara tauri yayin rufewa, mai washa ne. In kwata juyi ko rabi kawai yake yi ya tsaya cak, katirij ne mai faifan tangaran. In hannu ɗaya ne da ake ɗagawa sama a juya hagu da dama, shi ma katirij ne, amma babba, wanda ke haɗa ruwan zafi da na sanyi a cikinsa.

Mai hannu biyu da baki ɗaya yana ruɗa mutane, domin ɗigon ba ya nuna daga wane hannu yake. A ƙa'ida zafi yana hagu, sanyi yana dama, ko da yake ba kowane mai haɗa famfo ke bin wannan ba. Taɓa ɗigon ba ya wadatarwa, don ruwan da ke ɗiga a hankali ya riga ya huce a cikin bututu. Kashe wutar hita, wato na'urar dumama ruwan wanka, ka rufe bawul (makullin ruwa) da ke shigar da ruwa cikinta, ka buɗe hannun zafi har ruwa ya ƙare, ka rufe. In ɗigon ya tsaya, ɓangaren zafi ne, kuma galibi shi ɗin ne, domin zafi yana saurin busar da roba.

Kayan aiki ba su da yawa: sifana mai buɗewa da tsukewa, zai fi kyau guda biyu, sukundireba mai faɗin baki da mai tauraro, alanki ƙanana (lanƙwasassun ƙarafan kwance sukuru masu kusurwa shida) masu milimita 2 zuwa 3, filaya, tocila, tsumma, farin tef na famfo, girisin silikon, ruwan khal, da man fesawa na WD-40 saboda abin da ya ciza. Kada ka sayi kayan canji tukuna. Sai ka ciro tsohon, ka sa a leda, ka tafi da shi shago. Ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ne, ko Dei-Dei a Abuja, ko Katako a Yamai, mai shago da ido yake gwadawa, kwatance da baki kuwa sai ya sa ka yi sawu biyu.

Rufe ruwa

Fara kashe wutar hita, kafin komai. Hitar da ruwanta ya ragu alhali tana kunne, ƙarfen dumamawarta ƙonewa yake yi. In akwai injin ƙara ƙarfin ruwa, shi ma a kashe. Sannan ka rufe bawul ɗin banɗakin, in babu, na gindin tanki. Tsohon bawul mai kan taya wanda ya shekara ba a taɓa shi ba, a lallaɓa shi. In aka matsa masa, sandarsa kan tsinke a ciki, ya zauna a rufe, gida duka ya rasa ruwa. In ya ƙi rufewa sosai, gara a jira ranar da tanki ya ƙare a yi aikin.

Buɗe famfon da za ka gyara, da wani famfo da ya fi shi ƙasa, kamar na tsakar gida, har bututu ya tsane. Toshe magudanar bahon don kada ɗan sukuru ya faɗa, ka shimfiɗa tsohon tawul a ciki, domin sifana in ta suɓuce tana ɓare fentin baho ko ta tsaga na roba. Duk abin da ka cire, ka jera shi bi da bi, ka ɗauki hoto da waya.

Famfo mai washa

Bar hannun a buɗe gaba ɗaya kafin ka fara kwancewa, don washar ta ɗaga daga mazauninta. Ɓamɓare ɗan murfin da ke saman hannun, mai alamar ja ko shuɗi, za ka ga sukuru a ƙasansa. Kwance shi, ka ja hannun waje. In ya ƙi fita, fesa WD-40, ka jira minti 10 zuwa 15, sannan ka riƙa girgiza shi a hankali kana ja. Kada ka dogara sukundireba a jikin tayil ka banƙara. Bayan hannun akwai murfin ado mai ƙyalli, da hannu ake kwance shi, in ya ƙi a naɗa masa tsumma kafin a sa filaya.

Yanzu za ka ga ƙarfen ciki na tagulla mai kusurwa shida, wanda masu shago ke kira sifindil. Na rabin inci galibi sifana mai lamba 17 ke kama shi. Zuwa hagu ake kwance shi, saɓanin tafiyar hannun agogo. Nan ne wurin da ya fi kowane haɗari a aikin. Sifindil ɗin da ya daɗe yana cizawa, kuma duk ƙarfin da ka sa, in ba ka riƙe jikin famfon ba, bututun cikin bango ne ke ɗaukarsa. Koren bututun roba na PPR ko na PVC da aka binne a siminti ba ya jure murɗa, gwiwarsa kan tsage ta ciki ba ka sani ba, garin neman gira a rasa ido. Don haka a naɗa tsumma a jikin famfon, a riƙe shi da sifana ta biyu ko wani ya danne shi, sannan a ja. A tsuke bakin sifana sosai a kan notin kafin a ja, in da sako-sako sai ta cinye kusurwoyin. Ɗan bugun hannu a kan sifana ya fi doguwar ja, kuma kada a zura mata bututu don ƙara tsawo.

Washar tana can ƙarshen sifindil, ɗan noti ko sukuru ke riƙe ta, wata kuma a kan ɗan ƙullutu take maƙale. Za ka tarar ta taurare, ko ta tsage, ko zoben mazauni ya nutse a jikinta. Famfon baho na tsaye yawanci washar inci ¾ yake ci, na bango masu haɗa zafi da sanyi da yawa ta inci ½. Wadda ta yi ƙanƙanta ba ta rufe ramin, wadda ta yi girma tana gogar jiki ta maƙale. In dare ya yi babu shago, ana iya juya tsohuwar ta ɗaya fuskar ta riƙe na 'yan kwanaki. Yanko washa daga tsohon tub na taya ko silifas dabara ce ta wucin gadi a ruwan sanyi kawai. A na zafi laushi take yi ta yage, gutsattsarinta su toshe shawa.

Kafin ka mayar, haska tocila cikin ramin, ka zagaya ɗan yatsa a kan mazaunin. Wannan matakin ne ake yawan tsallakewa, shi ya sa za a canza washa yau, bayan mako biyu ɗigo ya dawo, abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Mazauni mai lafiya sumul yake duk kewayensa. In ka ji kaushi ko tsagi, sai an goge shi. Akwai ɗan ƙarfen gyaran mazauni da ake ɗaurawa a gurbin sifindil, a murza shi sau uku ko huɗu da sauƙin hannu, a ciro a duba. Da zarar zoben ya yi ƙyalli bai ɗaya, a tsaya, cin da ya wuce haka rage wa famfon kwana ne. In babu wannan ƙarfen kuma kaushin kaɗan ne, a manna samfefa mai laushi, kamar lamba 400, a kan sandar katako mai shafaffen kai daidai faɗin ramin, a murza a tsaye ba tare da karkata ba. Wasu famfunan, musamman samfurin Amurka da ake binnewa a bango, mazauninsu kwancewa yake yi. In ka ga ramin tsakiyarsa mai kusurwa huɗu ko shida ne, a kwance shi a sa sabo. Bayan gugar, a share garin ƙarfen da jiƙaƙƙen tsumma.

Wajen mayarwa, murɗa sandar ta koma yanayin buɗe, washa ta ja baya. In ka ɗaura sifindil washa na miƙe, ita za ta fara isa mazauni, ka yi ta matsawa kana zaton noti ne, ka murƙushe sabuwar washa tun ba ta fara aiki ba. Shafa girisin silikon kaɗan a zaren sandar da zoben roba. Ban da man basilin ko girisin mota, suna kumbura wasu nau'o'in roba. Nan ba a naɗa tef, zoben da ke wuyan sifindil shi ke tare ruwa, in ya lanƙwashe a canza shi. Ɗaura da hannu har ya zauna, sannan ka ƙara kamar kwata juyi da sifana.

Mai kwata juyi

Kwancewarsa daidai take da ta mai washa. Bambancin yana ciki: faifan tangaran biyu ne masu santsi, ɗaya a kan ɗaya, masu ramuka. In ramukan suka daidaita ruwa ya wuce, in suka saɓa ya tsaya. Babu abin da ake matsewa, don haka ƙara murɗa hannu ba ya tsayar da ɗigo, sai dai ya karya abin da ke tsayar da juyin.

Duba robar da ke gindin katirij, mai launin ja ko shuɗi. Wani lokaci ita kaɗai ce ta lotsa. In kuma farin dattin ruwa ne ya daskare a kan faifan, jiƙa katirij ɗin a ruwan khal da aka sirka rabi da rabi da ruwa na kamar awa ɗaya, ka wanke, ka gwada. In faifan ya karce ko ya tsage, babu gyara sai sabo. A shago abubuwa biyar za ka gwada da tsohon: kaurin zaren ɗauri, tsawon jiki, yawan haƙoran da ke kan sandar inda hannu ke shiga, ko yana da zare na biyu na murfin ado, da kuma ɓangaren da yake buɗewa. Haƙoran nan suna zuwa 20, 24 ko 28 da wasunsu, kuma ido ba ya bambance su da sauƙi, saboda haka tafi da hannun famfon ka zura a gabansa. Na hagu da na dama a famfo mai dogayen hannuwa sau da yawa juyinsu ya saɓa wa juna, in aka musanya sai hannun ya riƙa bugun bango.

Abin da ke kashe irin wannan famfo a gidajen da ke shan ruwan rijiyar burtsatse shi ne yashi. Duk lokacin da tanki ya kusa ƙarewa, laka da yashin gindinsa suna bin bututu, ƙwaya ɗaya in ta shiga tsakanin faifan ta karce su. Wanda ya canza katirij bai wanke tanki ba, zai sake saye. A wanke tankin, a sa matata mai raga a bututun da ke fitowa daga gare shi, a riƙa buɗe ta ana wankewa.

Mai hannu ɗaya

Cire ɗan maɓallin ja da shuɗi da ke gaban hannun, ka zura alanki, galibi mai milimita 2.5, ka sassauta sukurun ba sai ya fito duka ba. Ɗaga hannun, kwance murfin ado da hannu, sannan babban notin da ke danne katirij. Auna faɗin katirij ɗin, mafi yawa milimita 35 ne ko 40. Kifa shi ka dubi gindin: wani shafaffe ne mai ramuka uku, wani yana da ƙafafu, kuma ba sa maye gurbin juna. Share gurbin tas, ka tabbata ƙananan ƙusoshin roba biyu na gindin sabon sun faɗa ramukansu kafin ka ɗaura noti. In notin ya yi sako-sako ruwa zai fito ta ƙarƙashin hannu, in ya matsu da yawa hannun zai yi tauri ko jikin katirij ya tsage. A matsa kaɗan-kaɗan ana gwada hannun.

Yoyo ta wuyan hannu, ta bango, da ta shawa

Tsofaffin famfuna suna da ɗan noti a saman sifindil, inda sandar ke fitowa. Ƙara masa ɗan matsi, bai kai kwata juyi ba. In bai tsaya ba, kwance shi, ka murza farin tef ya zama igiya, ka naɗa sau uku ko huɗu a jikin sandar, ka tura ciki da bakin sukundireba, ka mayar da notin. Na zamani zoben roba ke gare su, sai an cire ɗan kilif ɗin sama a zaro sandar. A gaskiya in sandar ta riga ta ci, sayen sifindil sukutum ya fi neman zoben da zai dace.

Famfon bango manyan notuna biyu ke riƙe shi, tsakaninsu santimita 15, kuma galibi sifana mai lamba 30 ke kama su. Naɗa tsumma don kada ƙyallin ya karce, ka riƙa sassauta su bi da bi, wannan kaɗan wancan kaɗan, in ba haka ba famfon zai karkace ya cije. A cikin kowane noti akwai shafaffiyar washa ta inci ¾, ita ke tare ruwa, tef ba ya aiki a nan. In kuwa ruwan daga bayan murfin bango yake fitowa, to lanƙwasasshen ƙarfen da ya shiga bango ne. Kwance shi, ka kankare tsohon tef, ka naɗa sabo ta dama in bakin zaren na fuskantarka, sau 8 zuwa 12 gwargwadon kaurin tef ɗin. In aka naɗa ta hagu, warwarewa yake yi yayin ɗaurawa. Tef da ya yi yawa kuma yana tsaga gwiwar roba. Da ka ɗaura, kada ka koma baya don daidaitawa, in ka wuce wurin, ciro ka sake naɗi. A ƙarshe bakunan biyu su tsaya a layi ɗaya, tazararsu ta dace da ta famfon.

Maɓallin shawa da ake ja sama yana da zoben roba ko ƙaramar washa a ƙasansa. A kwance shi, a jiƙa a ruwan khal, a canza robar. Sai dai a lura, da yawansu ƙarfin ruwa ne ke riƙe su a sama. Tsayin mita 10 ne ke ba da ƙarfi 1 a ma'aunin ƙarfin ruwa da ake kira "bar", don haka tankin da ya ɗara famfo da mita 4 abin da yake bayarwa bai wuce 0.4 ba. A irin wannan gida maɓallin zai riƙa faɗowa da kansa ko da sabo ne, kuma maganinsa famfo mai maɓallin da ake murɗawa ya kulle. Haka ma kan shawa da ke ɗiga na 'yan mintuna bayan wanka sannan ya daina, ragowar ruwan cikinsa ne ke tsanewa, ba a taɓa shi.

Mayar da ruwa

Kwance 'yar rariyar bakin famfo, ka bar hannuwan a buɗe, sannan ka buɗe bawul a hankali. Iska za ta fito da tari, da ɗan datti. Jira har ruwan ɓangaren zafi ya zubo a miƙe ba yankewa, alamar hita ta cika ke nan, sai a kunna ta. Mayar da rariyar, ka rufe famfo da yatsu biyu kawai, ka sake gwajin tishu. A gaya wa mutanen gida su daina matse shi da ƙarfi, sabuwar washa ba ta buƙata, kuma matsin ne ke kashe ta.

In jikin famfon ne ya tsage, ko zaren cikinsa ya cinye, ko ƙarfen yana marmashewa fari-fari, a canza shi kawai. Wannan halin famfunan tutiya ne marasa nauyi. Wajen sayen sabo a ɗaga a ji nauyinsa, a leƙa cikin zaren a ga launin tagulla.

Ɗan bawul ɗin da ke gindin hita yana ɗiga lokacin da ruwa ke dumama, domin ruwa yana kumbura in ya yi zafi. Aikinsa ke nan, kada a toshe shi ko a ɗaure bakinsa, a sa masa siririn tiyo zuwa magudana. In kuwa ka gama gyara amma fentin bangon da ke bayan banɗaki yana kumbura, ko injin ƙara ƙarfin ruwa yana tashi da kansa cikin dare, gwada wannan: rufe duk famfunan gida da bututun da ke cika tanki, ka yi alama a matakin ruwan da dare, ka duba da asuba kafin kowa ya yi alwala. In ya sauka kuma tankin masai ba ya zuba, yoyon yana cikin bango ko ƙarƙashin ƙasa. A rufe bawul ɗin banɗakin a kira fulamba, a nuna masa inda damshin ya fi yawa don ya san tayil ɗin da zai fara cirewa.